Wayar BT8600 a gidan Kawu: yadda ta rage masu kiran "tallafin wuta"

Duk mai dattijo a Ingila da ke zaune shi kaɗai, kuma har yanzu akwai wayar tarho a falonsa, ina ba shi shawara ya nema masa waya mai tace kira. Wadda na saya wa yayan mahaifiyata ita ce BT8600, irin marar igiyar nan da ake ɗora ta a kan mazauninta ta yi caji. Kuɗinta bai kai fam 100 ba. Mun ci hunturu da ita, mun shiga bazara, don haka abin da zan faɗa ba zumuɗin sabon kaya ba ne. Ta yi aikin da aka saye ta dominsa, amma akwai sharaɗi: sai an samu wanda zai zauna ya shirya ta da kyau, kuma akwai ƙofofin da ba ta iya rufewa.

Kawu ya zo ƙasar nan karatu tun shekarun 1970, ya yi aiki har ya yi ritaya. Yana zaune a Manchesta, a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen jan bulon nan da ke jere manne da juna, waɗanda sanyi ke ratsawa ta ko'ina. Tun rasuwar matarsa shi kaɗai ne a gidan. Yana da wayar hannu, amma ta gidan ya fi yarda da ita, lambarta ce abokansa na da da asibiti suka sani. Irin wannan gida da irin wannan mutum su masu kiran nan suke nema: tsohon gini, mai gida ya manyanta, gidan nasa ne ba haya ba, kuma da rana yana nan.

Kiran talla dama can akwai shi. Abin ya ƙazanta ne daga ƙarshen 2021, lokacin da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo, kamfanonin sayar da wuta da gas kusan 30 suka durƙushe, aka riƙa mayar da mutane wasu kamfanonin da ba su zaɓa ba. Hukumar Ofgem, mai sa ido a kan harkar makamashi, tana da iyakar farashi da take sanarwa. A hunturun 2021 matsakaicin gida yana kan fam 1,277 a shekara, a Afrilun 2022 ya koma fam 1,971, sai ga shi a watan Agusta an sanar da fam 3,549 daga Oktoba, har sai da gwamnati ta shigo ta tsayar da shi a fam 2,500. Sannan ta ba kowane gida rangwamen fam 400, ana cirewa kaɗan-kaɗan daga Oktoban 2022 zuwa Maris ɗin 2023. Wannan rangwame ba a cike masa takarda, ba a neman lambar asusun kowa, kamfaninka ne ke cirewa daga bil ɗinka, masu mitar kati ta da kuma a aiko musu da takardar karɓa. Amma mutane suna cikin firgici, ga sunayen shirye-shiryen gwamnati sun yi yawa, babu mai iya riƙe su duka. Nan 'yan damfara suka samu kasuwa, kuma har yau ba su tashi ba.

Na sha zama a falon Kawu waya ta yi ƙara, in ji abin da ake gaya masa. Wani ya ce daga Ofgem yake, an gano Kawu ya biya fiye da ƙima, za a mayar masa da kuɗi, ya karanto lambar katinsa. Ofgem ba ta sayar da wuta, ba ta kiran mutane ta nemi bayanan banki, wannan ita da kanta ta sha sanarwa. Wata ta ce ita mai ba da shawara ce a kan makamashi ta unguwar, ma'aikatansu suna layinsu gobe, za su leƙa saman silin su duba abin tare sanyin da aka shimfiɗa, kyauta. Wani ya ce an amince a canja masa tukunyar ɗumama gida a ƙarƙashin shirin gwamnati, sai dai ya fara biyan kuɗin awo. Akwai masu tallan wata 'yar na'ura da ake cusawa a soket wai ta rage kuɗin wuta, wadda jami'an kare masu saye suka daɗe suna cewa ba ta rage komai, wasu ma suna iya tayar da gobara. Akwai mai cewa dole ne a sa sabuwar mita mai aika karatu da kanta kafin ƙarshen wata ko a ci tara, alhali ba a biyan kuɗin saka ta, kuma kamfanin da kake saye a wurinsa ne ke sakawa.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na saman silin. Ba kuɗin katinka suke so a waya ba, ƙofa suke so ka buɗe. In sun hau sun sauko sai su nuna maka hoton danshi, su ce katakon rufin yana ruɓewa, maganinsa a fesa kumfar nan mai daskarewa, dubban fam. Ita kumfar kuwa tana iya riƙe danshi a jikin katako, kuma bankuna da dama ba sa ba da bashin sayen gidan da aka fesa wa ita, ka ga ranar da iyali za su sayar da gidan sun shiga uku. Bayan 'yan shekaru kuma sai wasu su kira, wai sun ji an fesa maka, za su zo su cire, su ma dubban fam. Dattijo ɗaya a ci shi sau biyu a kan rufi ɗaya.

Kawu ba mutum ne da ake yi wa wayo cikin sauƙi ba. Ya yi boko, yana karanta jarida kullum, bai taɓa ba kowa lambar kati ba. Matsalarsa daban ce, kuma na san dattawanmu da yawa haka suke: ba ya iya katse mutum yana magana. Na ce masa, "Kawu, da ka ji sun fara, ka ajiye kan wayar kawai." Ya ce, "Haba yaro, ɗan mutane yana yi mini bayani in kife masa waya? Shi ma abincinsa yake nema." Sai ya tsaya ya saurara har ƙarshe, ya ba da haƙuri, ya yi godiya. Su kuwa a wurinsu wanda ya saurara minti biyar lamba ce mai rai, za a sake kira, za a kuma sayar wa wasu ita. Ga wahalar tasowa daga kujera da ciwon gwiwa, ga katse masa barcin rana, ga kira ana tsakiyar sallar la'asar. A ƙarshe har ya fara ƙin ɗaukar waya gaba ɗaya, wanda shi ma haɗari ne ga mai ganin likita a kai a kai.

Kafin sayen wayar na fara da abin da ba a biya, wato rajistar TPS, kundin lambobin da doka ta hana a kira su da talla. Ana yi a shafinsu na intanet ko a kira 0345 070 0707, kuma kamfanoni suna da kwana 28 su cire lambar daga jerinsu. Ya kamata kowa ya yi wannan, ta gida da ta hannu. Tana da amfani biyu. Kamfanoni masu bin doka suna daina kira, sannan duk wanda ya kira ka da talla bayan wa'adin, ba tare da ka taɓa ba shi izini ba, ka san da wa kake magana tun kafin ya gama gaisuwa. Hukumar ICO, mai kare bayanan sirrin mutane, ita ce ke hukunta masu saɓawa. A 2015 ta ci wani kamfani tarar fam 200,000 saboda kira sama da miliyan 6 na muryar na'ura a kan faifan sola "kyauta". Shekara da shekaru iyakar tarar fam 500,000 ce, sai dokar da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta tanadi a ɗaga ta har fam miliyan 17.5. Amma rajista kundi ce, ba ta tare waya. Wanda ke zaune a wata ƙasa yana kira ta intanet da lambar aro, bai san da ita ba, bai kuma damu ba.

Wannan batu na lambar aro shi ne dalilin da ya sa toshe lamba ɗaya-ɗaya ba ya kai ko'ina. Suna iya sa wayarka ta nuna lambar da suka ga dama, har mai farawa da 0161 ta Manchesta, don ka ɗauka maƙwabci ne ko kantin magani. Ka toshe ta yau, gobe su zo da wata. BT8600 tana da wurin toshe lambobi har 1,000 da babban maɓalli na yin hakan, amma ba shi ne ƙarfinta ba.

Ƙarfinta wani tsari ne da suka sa wa suna Call Guardian. Aikinsa aikin zaure ne: na gida ya wuce kai tsaye, baƙo ya tsaya ya yi sallama ya faɗi sunansa, mai gida ya ga ko zai fito. Duk lambar da ke cikin wayar, kiranta yana shigowa kamar kullum. Wadda ba ta ciki, wayar ba ta ma yin ƙara tukuna. Murya ce za ta amsa, ta gaya wa mai kiran ana tace kiran gidan nan, ya faɗi sunansa ya danna alamar #. In ya yi, sai wayar ta yi ƙara, Kawu ya ɗauka ya ji sunan da muryar mai shi, shi kuwa mai kiran bai ji Kawu ba tukuna. Ya danna 1 ya karɓa na wannan karon, 2 a riƙa barin mai lambar yana shigowa kullum, 3 a toshe shi, 4 a tura shi ya bar saƙo. Shi ke nan.

Abin da ya sa wannan ke aiki shi ne yadda masu kiran suke gudanar da sana'arsu. Kwamfuta ce ke buga lambobi barkatai, sai an ɗauka take haɗa ka da mutum ko ta sako muryar da aka naɗa. Muryar da aka naɗa ba ta iya faɗin suna ta danna maɓalli, don haka a nan take mutuwa. Ma'aikacin da ake auna shi da yawan kiran da ya yi a awa ɗaya kuwa, da ya ji na'ura sai ya wuce gaba. A jerin kiran da wayar ke ajiyewa ina ganin lambobin da suka zo suka koma Kawu bai ma sani ba. Falon ya yi shiru irin wanda aka daɗe ba a ji ba.

Amma abin da ya fi burge ni ba yawan waɗanda aka tare ba ne. 'Yan kaɗan ɗin da ke daurewa su faɗi suna, yanzu Kawu yana iya sallamar su, domin bai yi magana da su ba balle kunya ta kama shi. Ba a gaisa ba, ba a tambaye shi lafiyarsa ba, ba a kira shi da sunansa cikin ladabi ba. Ya ji an ce sashen makamashi kaza, ya danna 3, wayar ce ta ba su haƙuri a madadinsa. Mutumin da ba zai taɓa kife wa ɗan Adam waya ba, ga shi yana danna maɓallin hankalinsa kwance. Wannan kaɗai ya biya kuɗinta a wurina, kuma ban ga an rubuta shi a jikin kwalinta ba.

Sai sharaɗin da na ambata. Ranar da za a haɗa ta, a ware yamma guda, a ɗauko littafin lambobin dattijon, a shigar da kowa: 'ya'ya, jikoki, abokan masallaci, likitan unguwa, kantin magani, mai gyaran tukunyar ɗumama gida, maƙwabciyar da ke riƙe da makullin ko-ta-kwana. Tana ɗaukar suna 200. Madannanta na waya ne irin na da, harafi ɗaya sai an danna sau biyu ko uku, don haka kada a bar wa mai ciwon ido ko rawar hannu wannan aiki. Dole kuma layin ya kasance yana nuna lambar mai kira, in ba haka ba wayar ba ta da yadda za ta bambance na gida da baƙo. Tun Oktoban 2018 hukumar Ofcom, mai sa ido a kan harkar sadarwa, ta hana a caji kuɗi a kan nuna lamba, amma a tabbatar an kunna shi.

Mu da muke da dangi a gida akwai abin da ya shafe mu musamman. Muryar da ke tare baƙo Turanci take yi. Gwaggo da ke kira daga Kano ko Zariya, in ta ji Baturiya tana magana, za ta ɗauka layi ne bai shiga ba, ta kashe, ta zauna tana tunanin ko lafiya. Don haka na bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya na ce su kira, na ga yadda lambar kowa ke fitowa a fuskar wayar, na ajiye ta a yadda ta fito, domin wani lokaci da 00234 take zuwa. Wani kiran na ƙetare kuma ba ya zuwa da lamba sam, waɗannan na yi musu bayani a saƙon murya: in kun ji Turanci, ku faɗi sunanku, ku danna alamar da ke ƙasan 9, ku jira. Akwai zaɓin toshe duk kiran ƙasashen waje baki ɗaya. Ga Bature mai dangi duka a nan wataƙila daidai ne, mu kam kada a taɓa shi. Ba kowane dattijo a gida ke da WhatsApp ba, kuma labarin rasuwa ko rashin lafiya sau da yawa da wayar wani maƙwabci ake bugo shi.

Haka nan lambobin da aka ɓoye. Zuciya za ta ce a toshe su duka, tunda mai gaskiya ba ya ɓoye lamba. A ƙasar nan ba haka ba ne, asibitoci da likitoci da yawa da ɓoyayyar lamba suke kira. A bar su a kan faɗin suna, ma'aikaciyar jinya za ta faɗa. Abin da ba zai wuce ba shi ne kiran tunatarwa na na'ura, irin mai cewa kana da ganin likita ranar kaza, in lambarsa ba ta cikin wayar. Na roƙi a mayar da na Kawu saƙon tes da wasiƙa.

Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika magana a kansa ba: tana iya hana a buga wasu lambobi daga gidan, kamar masu tsadar nan da ake cajin kuɗi mai yawa a minti, sai da lambar sirri. Ga dattijon da mantuwa ta fara kamawa wannan babban abu ne, domin wasu saƙon suke bari su ce a kira su. Kawu da hankalinsa garau, na nuna masa, shi ya ce a kunna. Ina ganin haka ya kamata a yi da komai na wayar nan, a zauna da mai gidan a yi tare. Wayarsa ce, gidansa ne, kada a mayar da shi yaro.

Sauti yana fita sosai, ana iya ƙara shi, rubutun fuskarta yana karantuwa, caji yana kai ta kwanaki in ba a cika hira ba. A nan ba ni da abin cewa da yawa, waya ce mai kyau kamar sauran.

Inda ba ta kai ba, a san shi. Ƙwararren ɗan damfara mai haƙuri zai faɗi suna, ya ce daga kamfanin wutarka yake ko daga banki, kuma wayar ba ta san ƙarya ba. Abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne kamfanin gaskiya ma yana kira. Misali masu tsohuwar mitar da ke karɓar sigina ta rediyo, wadda aka fara kashe tsarinta daga ƙarshen Yunin 2025, kamfanoninsu sun yi ta nemansu don a canja musu. Don haka ba za a ce wa dattijo duk mai maganar mita ɓarawo ne ba. Abin da muka tsayar da Kawu shi ne: ko wa ya kira, ba a yanke komai a wannan kiran. Ya ce ya gode, zai neme su, sannan ya ɗauko bil ya kira lambar da ke jiki, da wayar hannu in da hali, ko ya jira ni. Wannan ya dace da halinsa, tunda bai katse kowa ba, bai yi wa kowa rashin kunya ba. Mai gaskiya ba ya jin haushin haka. Wanda ya ce sai yanzu-yanzu, tayin yau zai ƙare, ya riga ya tona kansa.

Ba ta kuma kare wayar hannu, can kuwa saƙonnin "danna nan ka karɓi rangwamenka" suke zuwa. Waɗannan ana tura su kyauta zuwa 7726. Ba ta hana mai ƙwanƙwasa ƙofa da rigar ma'aikata. A kan wannan na sa Kawu cikin rajistar da kamfanonin wuta da gas ke yi wa tsofaffi da marasa lafiya, kyauta ce, har ana iya ajiye kalmar sirri da duk ma'aikacin da aka turo zai faɗa kafin a buɗe masa. A jikin bango kusa da wayar na manna kati da manyan lambobi: 159 mai haɗa mutum da bankinsa kai tsaye in ana zargin damfara, 0808 223 1133 ta Citizens Advice, ƙungiyar da ke taimaka wa jama'a kyauta, don neman shawara kafin a sa hannu a kan kowane aikin gida, 105 in an ɗauke wuta, 0800 111 999 in an ji warin gas.

Wanda wayar gidansa ba ta ƙara sai sau ɗaya a mako, ko wanda ya iya kashe kira ba tare da ya ji komai ba, ba sai ya kashe kuɗinsa ba. Ya yi rajistar TPS, ya tambayi kamfanin layinsa, da yawansu suna da nasu tsarin tacewa kyauta. Mai sana'a a gida da baƙi ke kira kullum shi ma za ta takura wa abokan cinikinsa. Ta dattijo ce, da marar lafiya, da duk wanda ƙarar waya ta zame masa fargaba.

Abu na ƙarshe da mai saye zai duba: wayar nan da wutar lantarki take aiki, in an ɗauke wuta mazauninta ya mutu, ko da kan wayar yana da caji. Ga shi kuma ana sauya layukan tarho na ƙasar zuwa na intanet, aikin da aka tsara kammalawa a Janairun 2027, inda za a riƙa cusa wayar a bayan akwatin intanet, shi ma da wuta yake aiki. Don haka wayar hannu ta zauna da caji a inda hannu zai kai, kuma a sanar da kamfanin layin cewa akwai dattijo a gidan, musamman in yana da maɓallin neman agaji da ake ratayawa a wuya, domin su san tanadin da za su yi masa kafin ranar sauyin. Ranar da aka sauya layin kuma a sake gwada kira daga lambar da wayar ta sani da wadda ba ta sani ba, a tabbatar tacewar tana nan yadda aka bar ta.